Ƙafafun Ummi da Kindirmon Rabi

Wannan labarin jinyar 'yata ta fari ne. Na rubuta shi don mata masu goyo su ji, musamman irina da suka ɗan leƙa aji suka ɗauka sun fi kowa sanin abincin yara. A gida ana ce mata Ummi. Ni ko wannan sunan ban taɓa kira a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari da muka taso muka tarar a gidanmu na Ƙofar Mazugal: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Amma takarda ba suruka ba ce, don haka a nan zan ce Ummi.

Ciwon ya bayyana ne a daminar shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, amma tun daga yaye aka shuka shi. Tana da shekara ɗaya da wata uku na samu cikin ƙaninta, aka ce a cire ta daga nono. Al'ada ita ce a kai yaro gidan kaka ya yi kwanakin yaye, sai dai mahaifiyarmu, Hajiya, ciwon ƙafa ya matsa mata a lokacin. Sai ƙanwata Rabi ta ce a ba ta. Rabi tana aure a bayan Ƙofar Dawanau. Mijinta Bafulatani ne da ya daɗe da zama gari, yana saye da sayar da shanu, yana kuma ajiye uku a bayan gida don tatsa. Shekararta biyar da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

Na ƙi. Ban faɗa da bakina ba, maigidana Malam na sa ya ce unguwarsu sauro ya yi yawa. Gaskiyar magana kuwa, tun muna yara duk abin da Rabi ta raɓa sai ya so ta, daga kyanwar gida har kakarmu mai faɗa. Na ji tsoron in ta riƙe yarinyar mako biyu, shi ke nan na zama baƙuwa.

Don haka na yaye ta da kaina, yayen 'yan boko. Malam malamin firamare ne, ni kuma na yi aji uku a sakandare, ina ji da kaina. Da safe shayi da burodi, a ɗiga madarar gwangwani mai kauri mai zaƙin nan, cokali ɗaya, don dai ruwan ya sauya launi. Da rana koko ko shinkafa da mai, da dare tuwon masara. Duk Juma'a Rabi sai ta aiko da ƙwarya guda ta kindirmo, ta ce na Ummi ne. Malam nake dama wa fura da shi, ragowar in miƙa wa maƙwabta. A raina ina cewa 'yata ba za ta tashi tana ƙarnin nono ba. Ga shi ɗakunanmu biyu suna ƙuryar lungu, an rufe tsakar gidan da kwano saboda ruwan sama, rana ba ta shigowa sai ta wata 'yar kafa. Ummi fara ce sol, ba na barin ta ta fita, wai kada rana ta dafa ta, kada kuma bakin mutane ya kama ta.

Dama ta yi jinkirin tafiya, muka ce ƙiwuya ce. Da ta kai shekara biyu da rabi sai tafiyar ta koma irin ta agwagwa. A makon farko da na sa ido sosai, na ga in ta yi taku goma sai ta zauna daɓas ta dafe gwiwa. A mako na biyu ta ƙi tsayuwa sam, da an ɗora ta a kan ƙafafunta sai ihu. Wuyan hannunta ya kumbura kamar an sa mata awarwaro a ƙarƙashin fata, goshinta ya turo, kanta kullum jiƙe da gumi. Ranar da na tuɓe ta zan mata wanka na haɗa diddigenta biyu, na ga tsakanin gwiwoyinta hannuna zai wuce a buɗe. Na rufe ƙofa na yi kuka mai isata, sannan na wanke fuska na fito kamar ba ni ba.

Masu shawara kuwa sai ka ce an yi shela. Wasu suka ce shan inna ne, wasu suka ce na tsallake wani abu ina da cikinta. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, ta zo har gida ta lailaya ƙafafun.

"Ƙafar baka ce, gado ne ta wajen ubanta," in ji ta, don ba ta taɓa yarda wani aibu ya fito daga danginmu ba. "A samo yashi mai danshi a riƙa binne mata su da sassafe. In bai yi ba, a kai ta wajen masu ɗori."

Muka binne ƙafa kwana bakwai, ba abin da ya ƙaru sai mura. Aka kai ta wajen mai ɗori, ya ɗaure ƙafafun da karare da tsumma, ya ce kada a kwance sai bayan mako biyu. A kwana na tara wari ya sa muka kwance, muka tarar da gyambo a bayan kowace gwiwa. Ban ga laifinsa sosai ba, karaya ya iya gyarawa, mu muka kai masa abin da ba karaya ba.

Rabi ce ta dage a je asibiti. Ta zo da sassafe a mako na biyar, ta saɓa Ummi a baya ba ta ko tambaye ni ba. Ni jariri ne a bayana, kuma ko babu shi ba zan ratsa unguwa da 'yar fari a goye ba. Muka isa babban asibitin gari rana ba ta gama fitowa ba, muka tarar da layin yankar kati ya kai bakin ƙofa. Wata mata a gabanmu tana ta ba da labari wai yanzu farar hula sun hau, magani zai zama kyauta. Ta bayanmu ta ce to su fara da ƙaro benci. A tsaye muka yi hantsi, muka yi azahar, sannan aka ce a je a ɗauki hoton ƙashi a dawo jibi. Hoton da gwajin jini suka lashe abin da Malam ya ware don buhun masara.

Jibin muka shiga wajen likita, wani siririn mutum mai furfura a gemu. Ya ɗaga hoton ya duba ta taga, ya ce, "Yaya sunan yarinyar?"

Na sunkuyar da kai. Akwai wata dattijuwar nas a tsaye, ga kuma ƙanwata, bakina ya ƙi buɗuwa. Rabi ta faɗi sunan. Daga nan bai sake kallona ba, duk tambayoyinsa ita yake yi wa.

"Malama, me kike ba ta da safe?"

Rabi ta waiwayo ni. Na ce da ƙaramar murya, "Shayi da madara."

"Wace irin madara?"

Na kwatanta masa gwangwanin. Ya ajiye biro.

"Wannan ai rabinta sukari ne, kuma cokali ɗaya a kofin ruwa me zai yi? Ƙashi kamar bulo yake, in an rage masa siminti sai ya kasa ɗaukar gini. Simintin ƙashi shi muke ce wa kalsiyam. Yarinyar nan tun da aka yaye ta ba ta samu ba, kuma da gani ba ta shan rana." Ya juya wajen Rabi. "'Yarki za ta warke in kin yi abin da na ce. In kin yi wasa ƙafafun suka ƙara lanƙwashewa, sai dai a yanka ƙashi a gyara in ta girma."

'Yarki. Rabi ba ta gyara masa ba, ni ma ban gyara ba. Na fita daga ɗakin kalma biyu suna yi min yawo a ka, kalsiyam da 'yarki, kuma ta biyun ta fi ci min rai.

Ga abin da ya ce, na rubuta don wata ta amfana. Ya ba mu farar ƙwaya a riƙa murƙushewa a koko kullum. Ya ce nono abinci ne mai kyau ga ƙashin yaro, amma da sharaɗi: a dafa madarar shanu ta tafasa kafin a kwantar da ita, don ɗanya tana iya ɗauko cuta daga saniya. Ya ce kofi biyu na kindirmo a yini. Ya ce kuma ba nono kaɗai ba, miyar kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan busassun kifi a daka su har da ƙayarsu a barbaɗa a abinci, duk suna gina ƙashi. Sannan a fito da ita hantsi. Duk abin da ya lissafa akwai shi a bakin lungunmu, kuma duk ya fi gwangwanina arha.

Na ce zan yi da kaina. A mako na shida na sayi nono wajen masu talla, wani tsararo da aka cika wa ruwa, ya ba ta zawo kwana uku. Gwaggo Asabe ta ce dama ta faɗa, nono majina yake sa yara da zazzaɓi, a daina. Na koma kan na Rabi, wanda ta fara aikowa kullum, dafaffe, mai kauri. Cikin Ummi ya karɓe shi lafiya, bakinta ne ya ƙi. Yarinyar da ta saba da zaƙi, da na kai mata cokali sai ta datse haƙora. Na lallashe ta, na yi mata tsawa, na matse mata hanci na ɗura, ta amayo min shi a zani. Batun hantsi kuwa, sai na fita da ita ƙofar gida na tsaya a kanta, ga jariri yana kuka a ɗaki, ga matan lungu suna leƙe suna kiran sunana suna cewa yau Balki ce da renon 'yar fari a titi.

Wata ranar Laraba Rabi ta kawo ƙwaryar da kanta. Ta tarar da mu muna kokawa. Ta zauna a tabarma, ta marmasa fura kaɗan a ciki, ta ɗauko wani ɗan ƙaramin ludayi ta fara sha ita kaɗai tana lumshe ido, ko kallon Ummi ba ta yi. Can sai ga yarinya ta ja gindi ta matso.

"Ba naki ba ne, na ɗan maraƙina ne," in ji Rabi. "In kin sha zai yi kuka."

Ummi ta kama ludayin da hannu biyu. Ta shanye kofi guda a gabana, har da lashe baki. Ya kamata in yi hamdala, kuma na yi, amma a fatar baki. A cikina ji na yi kamar in ƙwace ƙwaryar in kifar.

Labari ya kai wa Hajiya. Ta aiko aka kira ni da Malam, ta ce tunda a hannun Rabi take sha, ga gidan Rabi da filin tsakar gida rana har ta yi yawa, a kai ta can ta yi mako biyu. Malam ya ce to. Ni aka tambaye ni? Ba a tambayar uwa a kan ɗan fari.

Mako biyu ya zama wata, wata ya zama uku. Duk Asabar nakan goya jariri in tafi, wai zuwa gaida Rabi. Ina shiga idona yana kan ƙafafun. Nakan tarar da ita a tabarma a hantsi, daga ita sai ɗan kamfai, ta yi duhu, ta yi kumatu, tana ƙarnin nonon nan da na guje mata. A wata na biyu ta daina kuka in an tsayar da ita. A na uku na same ta dafe da bango tana bin ɗan maraƙi da ido tana dariya. Gyambon ya warke, kumburin hannun ya fara saɓewa. Rabi ta iya jinya, wannan ko maƙiyinta zai faɗa, balle ni da ba maƙiyiyarta ba ce, ciwon rai kawai nake fama da shi. Ita take dakan kifi, ita take murƙushe ƙwaya, ita take goya ta zuwa asibiti duk ƙarshen wata ta bi layin nan. Ni in bi su a baya riƙe da kati.

Amma ba na barin gidan ban samo aibu ba. In ce kitson ya yi tsauri. In ce ana barin ta kusa da shanu ƙuda zai dame ta. Wata rana na kawo alawa da biskit a ɓoye a mayafi, na faki ido na tura mata, don dai ta san ni ma ina da abin bayarwa. Ranar ta ƙi shan kindirmonta na yamma. Rabi ta tsinci takardar alawar a ƙarƙashin tabarma, ta riƙe ta a hannu ta dube ni.

"Yaya, likita fa ya ce a rage mata zaƙi."

"Na ji ai. Ina wurin ya faɗa wa uwarta."

Idonta ya kawo ruwa. "Wallahi Yaya ban ce masa ni ce ba."

"Ba ki kuma ce ba ke ba ce."

"Ke ma ba ki ce ba."

Wannan ta fi ni gaskiya, shi ya sa na yi fushi na yi mako uku ban je ba. Mako ukun nan ni na sha wahalarsu. In kwanta in ga ƙafafun, in tashi in gan su. Malam yakan biya ta can daga makaranta ya dawo yana ba ni labari da murna, yau ta yi taku bakwai, yau ta kai bakin rijiya sai da aka kamo ta. Ina jin sa ina tuƙa tuwo kamar tukunyar ce ta yi min laifi.

Da na koma, Ummi tana tsaye a tsakar gida ba ta dafa komai ba. Ta gan ni ta yi murmushi, ta juya ta ƙwala kira.

"Umma! Ga Yaya Balki ta zo."

Ba wanda ya koya mata don mugunta. Ta ji Rabi tana ce min Yaya, ta ji yaran maƙwabta suna ce wa iyayensu Umma, ta haɗa da kanta. Matan gidan suka yi ta dariya, wai yarinya ta san kunya tun yanzu. Ni ma na yi dariya. Hassada ga mai rabo taki ce, haka ake faɗa, kuma na gani da idona, don duk ciwon ran da na yi Rabi ƙara shiga ran yarinyar take.

Jinyar ƙashi ba ta da gaggawa. A wata na shida likita ya ɗaga sabon hoto ya ce siminti ya kama, amma miƙewar sai a hankali, a ci gaba da nono da kifi da rana. Damina ta sake zagayowa ta wuce. Sai bayan shekara ɗaya da rabi ya sa ta tsaya a kan tebur ya haɗa diddigenta, yatsunsa biyu kawai suka shiga tsakanin gwiwoyin. Ya ce ba sai an yi aiki ba, ragowar girma zai ƙarasa. Ya sallame mu, ya ce wa Rabi ta yi ƙoƙari, da iyaye duk haka suke da aikinsa ya yi sauƙi.

Ina gode wa Allah, ina gode wa likitan nan duk da bai taɓa sanin wace ce ni ba, ina kuma gode wa Rabi, ko da yake sai yau a takarda na iya faɗa. Ke mai goyo, in kin yaye yaro kada farin ruwan shayi ya ruɗe ki. Ki ba shi dafaffen kindirmo mai kauri, ki kaɗa masa kuka, ki daka masa kifi, ki bar shi ya sha hantsi ko zai yi baƙi. In kin ga tafiyarsa ta sauya, asibiti za ki fara zuwa kafin yashi da karare. In kuma 'yar'uwarki ta aiko da ƙwarya ta ce ta yaro ce, ki ba yaron.

Daga asibiti ranar sallama gidan Hajiya muka wuce, don a can aka ce a haɗu. Na riga na share ɗaki, na sa an ɗinka wa Ummi riguna biyu, na ajiye mata ƙaramar katifa kusa da gadona. Ban gaya wa kowa ba. Muka tarar da Gwaggo Asabe da Malam da wasu 'yan'uwa. Aka sa Ummi ta yi gudu daga bakin zaure zuwa gindin turmi, aka yi ta sa albarka. Gwaggo ta ce yashin nan ma ya taimaka.

Da aka natsa sai Hajiya ta gyara zama.

"To, alhamdu lillahi. Ni abin da na gani, yarinyar nan a hannun Rabi ta miƙe, can ta saba, can abincinta yake. Rabi kuma Allah bai ba ta ba tukuna. Balki tana da na goye, ga kuma wani a hanya. Malam, in ba ka ƙi ba, a bar mata ita mana."

Malam ya ce shi ba shi da ta cewa, 'ya tasu ce. Ya ɗan saci kallona. Rabi ta sunkuyar da kai. Duk ɗakin aka juyo gare ni, ba don ana jiran ra'ayina ba, don dai a ji na faɗi abin da 'yar mutunci take faɗa.

Na buɗe baki da niyyar in ce a ba ni ita ko na wata ɗaya ne. Abin da ya fito shi ne, "Ni ina ruwana, Hajiya. Ku kuka san ta."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Hajiya. Gwaggo ta ce haka ake son 'ya, mai kunya.

Da la'asar suka tashi tafiya. Rabi ta durƙusa za ta goya ta, Ummi ta ce a'a, da ƙafarta za ta je. Na raka su zaure na tsaya daga ciki, inda ba mai ganin fuskata. Ta kama gefen zanin Rabi suka miƙe lungu. Ni bayan ƙafafun nan nake kallo, da na yi shekara ɗaya da rabi ina roƙon Allah ya miƙar. Sun miƙe sambal, ba ɗingishi, ba tangaɗi, kuma sauri suke yi. Ba ta waiwayo ba har suka sha kwana.